Ina Mazaunin Usyk a Sahun Mazan Jiya?



Tun daren 19 ga Yulin 2025, da Oleksandr Usyk ya shimfiɗe Daniel Dubois a turmi na biyar a filin Wembley na Landan, gardama ɗaya ta ƙi mutuwa a majalisunmu. Ana yin ta a teburin mai shayi, ana yin ta a rumfunan Dantokpa idan ciniki ya lafa, ana kuma ƙarasa ta a waya bayan sallar isha'i. Matasa na cewa duniya ba ta taɓa ganin ɗan damben ajin masu nauyi kamar wannan bahagon na ƙasar Yukren ba. Dattawa na cewa tun da Muhammad Ali ya ajiye safar dambe aka rufe littafi, duk wanda ya biyo baya almajiri ne. Akwai kuma rukuni na uku da ba su son a ambaci sunan Usyk ko kaɗan, domin shi ne ya raba Anthony Joshua da kambunsa.

Mu dai ga matsayinmu tun da wuri, don kada a ce mun ɓoye a bayan zance. Usyk ya shiga cikin goman farko na tarihin ajin masu nauyi, kuma mun ajiye shi a na shida. Bai kai Muhammad Ali ba, bai kai Joe Louis ba, amma ya wuce Mike Tyson. Mun san wannan hukunci ba zai yi wa matasa daɗi ba, ba zai kuma gamsar da dattawa ba. Sai dai a saurari hujja kafin a yanke mana namu hukuncin.

Bari mu fara kawar da abin da ke ci mana tuwo a ƙwarya. Joshua namu ne ta fuskar maƙwabtaka. Asalin gidansu Shagamu ne a jihar Ogun, tafiyar yini ɗaya ba ta cika ba daga nan idan an tsallaka Seme. Da ya doke Wladimir Klitschko a turmi na goma sha ɗaya a watan Afrilun 2017, gaban mutum dubu casa'in, mun yi murna kamar ɗan unguwarmu ne ya ci. Amma so yana hana ganin laifi, ƙi kuma yana hana ganin alheri. Usyk ya doke Joshua a Landan ranar 25 ga Satumban 2021, ya sake doke shi a Jidda ranar 20 ga Agustan 2022. Turmi ashirin da huɗu suka yi, kuma wanda ya kalla da idon gaskiya ya san wanda ya fi. Idan muka rage wa Usyk daraja don ya bugi namu, to Joshua muka rage wa, domin mun mayar da shi wanda ƙaramin ɗan dambe ya kayar har sau biyu.

Da wane mudu za mu auna? Ba ma buƙatar aron na kowa. Bahaushe ya san dambe tun kafin a kawo safar hannu da ƙararrawa. A fagen dambenmu na gargajiya, idan manya suka zauna tantance gwani, tambayoyi huɗu suke yi ko da ba su jera su da lamba ba. Su wa ya kashe? A fagen wa ya kashe su? Kaka nawa ya yi yana riƙe da fage? Sannan bayan an kwance zare, me sunansa ya zame wa jama'a? Da waɗannan huɗun za mu gwada mutumin Yukren.

Tambayar farko ita ce su wa ya kashe. Kafin ya hau ajin masu nauyi, Usyk ya share ajin da ke ƙasa da shi, wanda iyakarsa kilo casa'in da 'yan kai, ya haɗa ɗamarun nan huɗu na WBA da WBC da IBF da WBO a shekarar 2018. Da ya hau sama, ya doke Joshua sau biyu, Tyson Fury sau biyu, Dubois sau biyu. Nasarar da ya yi kan Fury a Riyad ranar 18 ga Mayun 2024 ita ta sa ya zama zakara ɗaya tilo da babu mai jayayya da shi, abin da rabon a gani a wannan aji tun Lennox Lewis a 1999. A turmi na tara na wannan karo, igiyar fage ce kawai ta riƙe Fury, har alƙali ya ƙirga masa. Ranar 21 ga Disamban 2024 suka sake haɗuwa, alƙalai uku duka suka ba Usyk maki 116, Fury 112. Zuwa Yulin 2025 ya sa zare sau 24 a matsayin ƙwararre, bai faɗi ko sau ɗaya ba, kuma sau 15 ya gama da abokin karo kafin lokaci ya cika.

Wannan lissafi yana da nauyi, amma gaskiya ta hana mu rufe ido kan inda yake da rauni. Zuwa Yulin 2025, shida daga cikin dambe takwas da ya yi a ajin masu nauyi da mutum uku ya yi su. Dukansu ukun an riga an ga lagonsu. Andy Ruiz ya tsayar da Joshua a New York a watan Yunin 2019. Joe Joyce ya tsayar da Dubois a 2020. Shi kuwa Fury, wata bakwai kafin ya gamu da Usyk, Francis Ngannou na Kamaru, wanda bai taɓa yin damben zamani na ƙwararru ba sai ranar, ya kai shi ƙasa a turmi na uku. A ɗora wannan kusa da jerin Ali: Sonny Liston, Floyd Patterson, Joe Frazier sau uku, Ken Norton sau uku, George Foreman, Earnie Shavers. Ali ya rayu a zamanin da zakuna suka yi yawa a daji ɗaya. Usyk ya tarar da zakuna biyu da wani matashin damisa, ya gama da su. Ba laifinsa ba ne, amma ba za a rubuta masa abin da bai yi ba.

Tambaya ta biyu ita ce a fagen wa, kuma a nan ne Usyk ya fi kusan kowa. Ya karɓi kambunsa na farko daga hannun Krzysztof Glowacki a Gdansk, ƙasar Polan, gidan Glowacki, a 2016. Ya doke Marco Huck a Balin na Jamus, ya doke Mairis Briedis a Riga, birnin su Briedis, ya doke Murat Gassiev a Mosko a watan Yulin 2018, lokacin da tuni Rasha ta karɓe Kirimiya, yankin da aka haife shi. Ya bi Tony Bellew har Manchester, ya bi Joshua har Landan, ya bi Dubois har Wembley. Tun da ya fara neman kambun duniya bai yi dambe ko ɗaya a ƙasarsa ba. Wanda ya san dambenmu ya san bambancin mai kisa a gaban makaɗinsa da 'yan garinsu, da wanda ya rataya jaka bayan girbi ya shiga ƙauyen da ba a san shi ba, kalangu na zuga abokin karonsa, ya yi kisa ya wuce. Mu kanmu da muke neman abinci a garin da harshen kasuwa Fon ne, harshen ofis Faransanci, ba sai an fassara mana abin da ake nufi da cin nasara a baƙon wuri ba. A wannan mudu, cikin manyan tarihi ƙalilan ne za su tsaya kusa da shi.

Tambaya ta uku ita ce kaka nawa, kuma ita ce ta hana shi hawa sama. Joe Louis ya riƙe kambu daga 1937 zuwa 1949, ya kare shi sau 25. Larry Holmes ya kare nasa sau 20 tsakanin 1978 da 1985. Wladimir Klitschko, ɗan ƙasar su Usyk, ya zauna a kan kujera daga 2006 zuwa 2015. Usyk kuwa, daga Satumban 2021 zuwa Yulin 2025, damben kambu shida ya yi. Masu kare shi za su ce ya daɗe a damben 'yan sha'awa har ya ci zinare a gasar Olamfik ta Landan a 2012, bai hau ajin masu nauyi ba sai yana da shekara talatin da biyu, annobar korona ta ci masa lokaci, yaƙi ya ci masa wani, ga shi kuma manyan 'yan damben yau sau ɗaya ko biyu suke fitowa a shekara saboda yadda kuɗin talabijin ya sauya harkar. Duk wannan gaskiya ne. Amma uzuri yana bayyana dalilin da ya sa rumbu bai cika ba, ba ya cika rumbun. Riƙe fage shekara goma wata jarabawa ce daban: kowace kaka sabon yaro mai yunwa zai taso, jiki na tsufa, kuɗi na kawo kasala, kuma dole ka fito ko ranar da ba ka jin daɗi. Louis ya ci wannan jarabawa, shi kuwa Usyk bai zauna mata ba.

Kafin mu je ta huɗu, akwai hujjar da matasa ke ji da ita, wadda ya kamata a amsa. Suna cewa 'yan damben da ƙanana ne, da za a kawo su yau da ƙattin zamani sun murƙushe su. Suna kawo Rocky Marciano, wanda nauyinsa wajen kilo 85 ne, su ajiye shi gaban Fury mai tsawon mita biyu da santimita shida, wanda ya hau sikeli da kilo 127 kafin karonsa na biyu da Usyk. To ai Usyk da kansa ya rushe wannan hujja. Tsawonsa santimita 191 ne, daidai da na Ali. Nauyinsa a wancan karo bai kai kilo 103 ba, Ali kuwa ya shiga fagen Kinshasa da kilo 98. Har ranar haihuwarsu ɗaya ce, 17 ga Janairu, Ali a 1942, Usyk a 1987. Idan mutum mai girman Ali, mai ƙafa da numfashi da basira, ya iya cinye ƙattin yau ɗaya bayan ɗaya, da wane baki za a ce Ali ba zai iya ba? Nasarar Usyk shaida ce ga mazan jiya kafin ta zama shaida a kansu.

Haka kuma tambayar wa zai bugi wa, da an haɗa su, ba ta da ƙarshe, domin babu fagen da zai haɗa 1938 da 2024. Na da suna yin turmi goma sha biyar, sai a shekarun 1980 aka mayar da shi goma sha biyu bayan mutuwar ɗan damben Koriya Duk Koo Kim a 1982. Na yau suna da likitoci da masu tsara abinci da bidiyon abokin karo. Karen bana shi ke maganin zomon bana. Abin da za a iya aunawa shi ne abin da kowa ya yi da mutanen da Allah ya haɗa shi zamani da su.

Sai batun rashin faɗuwa, wanda shi ma ake yi wa kallon hujja mai yanke gardama. Marciano ya yi dambe 49 bai faɗi ba, amma masana ƙalilan ne ke ɗora shi sama da Ali, wanda ya faɗi sau biyar cikin 61. A fagenmu ma ba a taɓa ɗaukar faɗuwa abin kunya ba, abin kunya shi ne gudun karo. Faɗuwa tana nuna abin da nasara ke ɓoyewa. Frazier ya kai Ali ƙasa a 1971, Norton ya karya masa muƙamuƙi a 1973, ya dawo ya rama a kan dukansu. Oliver McCall da Hasim Rahman sun shimfiɗe Lennox Lewis, ya dawo ya doke kowannensu, ya yi ritaya babu mutum ɗaya da ya taɓa karawa da shi wanda bai doke ba. Tsabtar littafin Usyk abin yabo ce, sai dai akwai shafin da ba a buɗe ba a cikinsa.

Tambaya ta huɗu ita ce me sunan ya zame wa jama'a. Ranar 22 ga Yunin 1938, Joe Louis, baƙar fata a Amurkar da ba ta yarda ya ci abinci a teburi ɗaya da farare a jihohi da yawa ba, ya gama da Max Schmeling na Jamus cikin turmin farko, a daidai lokacin da gwamnatin Hitila ke wa'azin fifikon jinsi. A 1967 Ali ya ƙi shiga soja don yaƙin Biyetnam, aka ƙwace kambunsa, aka hana shi dambe sama da shekara uku a tsakiyar ƙuruciyarsa, sai a 1971 Kotun Ƙolin Amurka ta wanke shi. Ranar 30 ga Oktoban 1974 ya zo Kinshasa, a ƙasar Afirka, ya kayar da Foreman a turmi na takwas alhali mafi yawan masana sun ba Foreman nasara tun kafin a fara. Shi ya sa dattijon da bai taɓa ganin talabijin ba a lokacin ya san sunansa, shi ya sa aka raɗa wa yara sunansa daga Dakar har Kano. Usyk ma ba fanko ba ne a nan. Da Rasha ta afka wa ƙasarsa a Fabrairun 2022, ya koma gida ya shiga rundunar tsaron sa-kai a Kiyef kafin ya fito shirin karonsa na biyu da Joshua. Ga mutanen Yukren, watakila ya zame musu abin da Louis ya zame wa baƙaƙen Amurka. Amma wannan awo ne da shekaru ke yi, kuma shekarun ba su zo ba tukuna.

Ga jerinmu ke nan. Ali na farko, saboda waɗanda ya doke da abin da ya sadaukar. Louis na biyu, saboda tsawon mulki. Lewis na uku, domin ya share zamani mai ƙarfi. Holmes na huɗu, da kare kambu ashirin da nasara 48 a jere kafin ya fara faɗuwa. Foreman na biyar, wanda ya ragargaje Frazier da Norton kowanne a turmi na biyu, ya kuma dawo yana da shekara 45 ya karɓi kambu daga Michael Moorer a 1994. Sai Usyk na shida, Evander Holyfield na taka masa dunduniya. Holyfield shi ma ya haɗa kambunan ƙaramin ajin kafin ya hau sama, kuma ya gamu da maza fiye da na Usyk yawa, amma Riddick Bowe ya doke shi sau biyu cikin uku, Lewis ma ya doke shi, bai taɓa share zamaninsa tas ba. Frazier da Marciano da Jack Johnson su suka cike goman.

Ina Mike Tyson? Mun san za a tambaya, domin a unguwanninmu har yau duk yaron da ya fiye faɗa Tyson ake ce masa. Ya zama zakara yana da shekara ashirin a 1986, kuma babu wanda ya taɓa cusa tsoro a zukatan abokan karo kamarsa. Amma a koma ga tambayar farko. Holmes da ya doke a 1988 yana da shekara 38, ya fito ne daga ritaya. Buster Douglas ya shimfiɗe shi a Tokyo a 1990. Manyan tsararsa biyu da ya gamu da su, Holyfield da Lewis, dukansu sun doke shi. Usyk kuwa ya gamu da manyan tsararsa ya doke su sau bibbiyu. Kwarjini da bidiyon minti ɗaya da ke yawo a waya ba su maye gurbin wannan.

Akwai abin da ya fi jerin nan muhimmanci a gare mu. Mun iya yin wannan gardama da ranaku da maki da kilo ne saboda wasu sun zauna sun rubuta. Damben da Louis ya yi shekara tamanin da suka wuce, an san ranarsa da garinsa da turmin da ya ƙare. To a juyo gida. Shago da Ɗandunawa da Ado Ɗan Kware sun cika ƙasar Hausa da suna, amma dambenmu bai taso da rajista ba, abin da ya riƙe mana su shi ne bakin Ɗan Anace da ƙwaƙwalwar waɗanda suka tsaya a bakin fage. Makaɗi kuwa aikinsa zuga ne, ba a ɗora masa ƙidaya ba, masu ƙwaƙwalwar kuma kullum raguwa suke yi. Idan yau aka ce a gwada gwanayen da ke sa zare a gidan damben Ado Bayero Square a Kano ko na Dei-Dei a Abuja da Shago, da me za a auna? Sai kowa ya kama wanda ransa ke so.

A dubi kokawar Nijar, wadda da yawa daga cikinmu muke bi a rediyo da waya duk shekara. Tun da aka fara gasar takobi a Tawa a 1975, Kantu na Maraɗi ya ɗauka, ana rubuta sunan wanda ya ci da garin da aka yi. Shi ya sa da Issaka Issaka na Dosso ya ɗauki takobinsa na shida a Agadas a ƙarshen 2023, aka iya cewa ga inda ya tsaya a tarihi ba tare da rantsuwa ba. Ana nan ana gardamar ko ya kai mazan farko, amma gardama ce mai ƙasa a ƙarƙashinta.

'Ya'yanmu da ke tashi a Kwatano suna karatu da Faransanci, suna wasa da Fon, suna kallon dambe da sharhin Turawa. Da yawansu za su lissafa maka damben Usyk ɗaya bayan ɗaya, amma ba su san mene ne turmi ba, ba su san dalilin da ya sa ake ce wa hannu ɗaya mashi, ɗayan garkuwa ba. Ba za mu ga laifinsu ba, abin da aka rubuta suka samu. A Zango da Avotrou akwai dattawan da suka taso a Sakkwato da Katsina da Gobir da Ƙonni, waɗanda suka ga manyan 'yan dambe da idonsu a lokacin kaka. Kowannenmu yana da waya mai ɗaukar murya a aljihu. A zauna da su, a tambaye su wa ya kashe wa, a wane gari, a wace shekara, wa ke kiɗa. A rubuta da Hausa, a ajiye, a gwada ruwayar wannan da ta wancan. Wanda ke zuwa gidan dambe a Najeriya ko Nijar shi ma ya riƙa rubuta sakamako da kwanan wata.

Wanda bai yarda da na shidan da muka ba Usyk ba, fage a buɗe yake. Ya kawo nasa jerin, amma ya zo da amsar tambayoyin nan huɗu: su wa, a ina, kaka nawa, da me ya bari. Allah ya ba mu ikon yi wa kowa adalci, namu da wanda ba namu ba.